Ƙorafi Kan Korar Mas'uda Daga Ƙofar Tiyata Saboda Jinin Al'ada

Daga:
Rumasa'u Abdulmutalib,
Bayan Tashar Mota, Karaye,
Jihar Kano.
21 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Asibitin Ƙwararru na Hammawa,
Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƊAGE AIKIN RAGE ƘIBA NA MALAMA MAS'UDA YUSHA'U HAR SAU BIYU

Bayan sallama da fatan alheri, ina rubuto wannan takarda a madadin ƙanwata Mas'uda, mazauniyar Zoza a Ƙaramar Hukumar Rogo. Da a ce ita aka bar wa biro, “ba komai” kaɗai za ka gani a takardar, shi ya sa na karɓa.

Mas'uda mace ce mai jiki. Ƙiba ta haɗu mata da ciwon suga, gwiwoyi suka ƙi ɗaukarta, har sallah a zaune take yi. Likitanku ya duba ta, ya ce mafita ita ce a rage mata tumbi, aka sa ranar Talata, 10 ga Satumba. Ga yadda ƙwararrunku suka gwada ƙwarewarsu.

1. Asibitinku ya ce dole namiji ya zo ya sa hannu. Mijinta Yusha'u yana kudu da shanu, sai mahaifinsa, Malam Mijinyawa, ya rako ta. Yallaɓai, wannan dattijo Mas'uda ba ta taɓa furta sunansa ba, ko ruwa ba ta sha a gabansa. A gaban nasa ne wani ma'aikacinku namiji ya ɗaga murya kamar mai tallar gyaɗa a kasuwar Rogo, yana tambayar yaushe rabonta da al'ada. Tsohon ya kafa wa fanka ido, ita kuma ta nutse cikin hijabi. Ma'aikacin ya maimaita, ya ji shiru, ya wuce tambaya ta gaba. Babu wanda ya ce a kira mace, ko a ce wa dattijon ya ɗan sha iska a waje.

2. Da safiyar ranar aikin al'ada ta zo mata tun lokacinta bai yi ba. Ba abin mamaki ba ne ga macen da ta yi sati biyu tana rayuwa kan romo da kunu marar suga bisa umarnin likita, ga fargabar wuƙa. Ta tattaro ɗan ƙarfin halin da ya rage mata, ta raɗa wa nas mai kula da ɗakin cewa tana neman audugar mata. Nas ɗin, Allah ya ƙara mata ilimi, ta sanar da duk ɗakin cewa ba a shiga tiyata babu tsarki, ta ce ta haɗa kayanta. Ban san an mayar da ɗakin tiyatarku masallaci ba, da na taya ku murna. Likita bai ma san an sallame ta ba. Audugar kuwa ba a bayar ba, ɗankwalinta ta yaga a banɗaki. A haka ta zauna kusa da surukinta a mota tun daga Kano har Rogo, ba ta motsa ba, tana addu'a kada ta tashi a ga wani abu a kujera. Da na je duba ta, kuka ya hana ta ko gaishe ni, wallahi raina ya ɓaci ƙwarai.

3. Aka kira waya aka ba ta sabuwar rana, 8 ga Oktoba. Sati huɗu cif, ranka ya daɗe. Ka tambayi kowace mace a gidanka me ke dawowa bayan sati huɗu. Ina jinjina wa wanda ya zaɓi ranar, ko da gangan ya yi ba zai fi haka dacewa ba.

4. Mas'uda ta duba kalanda ta ga abin da ke tafe. Tunda asibiti ya ce jini ne laifinta, sai ta yi abin da matanmu ke yi idan azumi ko aikin Hajji ya gabato: ta nemi maganin tsayar da al'ada. Maƙwabciyarta Hajiya Kande tana da ragowar wanda ta je Makka da shi, ta ba ta da zuciya ɗaya, har da cewa ita ko ciwon kai bai sa mata ba. Mas'uda ta yi ta sha, ta sake komawa kan romo da kunu. Ranar aikin ta shaida wa likita, tana murna, cewa wannan karon ta zo da tsarkinta, ta faɗi dabarar da ta yi. Likitan ya yi salati. Ya ce al'ada ba ta taɓa hana shi yin wannan aiki ba, auduga kawai ake sa wa mace a shiga da ita. Maganin da ta sha shi ne abin tsoro, domin a jiki irin nata yana iya daskarar da jini a jijiya bayan aiki, mutum ya tafi ba sallama. Ya ɗage aikin zuwa Disamba. Wato karon farko kun kore ta babu dalili, karo na biyu kuma ku kuka samar da dalilin.

Saboda haka nake roƙo cikin ladabi, a rubuta wa ma'aikatanku ƙarara cewa al'ada ba ta hana wannan aiki, a ajiye auduga a ɗakin mata tunda ba zinare ba ce, kuma irin waɗannan tambayoyi mace ta yi su, ƙofa a rufe. Nas ɗin ba na neman a kore ta, a koya mata.

Babban roƙona shi ne a sa likita mace ta kira Mas'uda ta zauna da ita kafin Disamba. Jiya ta ce mini sau biyu tana faɗin gaskiya, sau biyu ana maido ta Zoza, don haka ta rantse a karo na uku ko me ta gani, ko me ta haɗiya, bakinta a rufe. Na san ƙanwata, Yallaɓai, za ta cika wannan rantsuwa. Na yi lallashi na gaji. A halin yanzu macen da za ku kwantar a gadon tiyata ba za ta gaya muku komai ba, kuma a asibitinku ta koyi haka.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon dubawa tun da sauran lokaci.

Mai jiran amsarku da dukkan girmamawa,

Rumasa'u Abdulmutalib
(Yayar marar lafiya)