Farar Ƙasar da ke Ƙarƙashin Kufai

Assalamu alaikum malaman zaure, da duk wanda za a karanta wa takardar nan. Wani bafatake na ba ya kawo muku, don kada a san mai ita. Don Allah ku ji ni tukuna kafin ku tsine mini, ni ma ban ƙyale kaina ba.

Ni mahaƙin rijiya ne a wani gari kusa da Ƙarfi. Bana Mai Gari ya ce in duba ko akwai farar ƙasa a kufan tsohon garinmu, wanda ya watse lokacin jihadi, a shafe sabon masallaci da ita, saura a kai kasuwar Malumfashi. Ya ce in na samo, ni ne Sarkin Haƙa. Mu mahaƙa gara ce jagorarmu, abin da ke ƙasa shi take fitarwa a suri. Na ga suri fari tas a gindin ganuwa, na kafa dagi. Na kuwa same ta, lafiyayya, mai yawa. Amma kafin in kai gare ta sai da dagina ya ratsa fasassun tukwane a jere, irin na rufe kabari, ƙarƙashinsu ƙasusuwa. Wa ya gan ni? Ba kowa. Na mayar da su gefe, na rufe, na debo farar ƙasata.

Da na kai labari fada, sai Inna Dije ta zo, tsohuwar da ta shayar da ni bayan rasuwar uwata. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ko bayan watsewar garin gidanmu can suke binnewa, ubana da yayyena uku a gindin ganuwar nan suke kwance." Mai Gari ya juyo: "Kai ka shiga ramin, ka ga wani abu?" Ni kuwa rawani ya rufe mini ido, na ce, "Ko ƙashin kaza ban gani ba. Tsufa ne ke damun Inna." Aka kwashe da dariya. Ta dube ni ta ce, "To ɗan nan, tunda kai ka faɗa, ni ce na manta." Wallahi gwamma a ce marina ta yi. Wane irin ɗa ne wannan?

Ran Asabar za a fara haƙa. In na yi magana, na yi ƙarya a fada, ba mai sake yarda da ni a bakin rami. In na yi shiru, za a watsar da ubanta, in riƙa fuskantar bangon masallacin nan sau biyar kullum. Jiya ma ta aiko mini da fura, wai in sha in ji ƙarfin aiki. Tana nan a rufe, na kasa buɗewa.

Malamai, me zan yi?