Inna, Gobe Za a Sa wa Fadama Wuta

Zuwa ga mahaifiyata, Inna A'i,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa da mahaifi, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Ni ce Kulu, autarki, wadda aure da aikin koyarwa suka zaunar a Birnin Kebbi. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, ko da kina da rai ma sai an karanta miki. Amma na rasa wanda zan gaya wa. Duk wanda na tara da maganar sai ya dube ni kamar wadda ta taɓu. Shi ya sa na rubuta, zan kuma bayar a buga, ko wani da ya san ki zai gani ya tuna.

Inna, gobe in an sauko daga Juma'a za a sa wa fadama wuta. Gaurakinki suna ciki, uwa da 'ya'ya biyu da ba su iya tashi ba tukuna.

Kin san wurin, ai ke kika nuna mini shi. Ɗan kwarin nan na tsakiyar gonar shinkafarmu, ƙasa da Argungu, inda ciyawar burugu ke yin tsayi ta wuce mutum, inda ruwa ke daɗewa bayan ko'ina ya bushe. Tun rasuwar Baba gonar ta dawo hannunki, ba ki taɓa bari garma ta shiga kwarin ba. Duk damina gauraki biyu ke sauka su yi sheƙa a ciki. In 'yan uwa sun dame ki da cewa kina asarar ƙasa mai kyau, amsarki ɗaya ce: "Wanga wuri ba namu na ba, nan munka ishe su."

Ina tuna ki da kaka, an fara yankan shinkafa. Sai ki ɗaura baƙin zanenki na saƙi, ki zagaye kwarin a hankali, kina kamo kan ciyawa kina ƙullewa, ki yi gaba kaɗan ki sake ƙullawa. Ba shinge, ba ƙaya, ba mai gadi. Ƙulli kawai.

Kuma kowa ya san abin da ƙullin ke nufi. Bafulatani ya zo da shanu, ya gani, ya kaɗa su gefe. Masunta su zo da gora da homa, su gani, su wuce tafki na gaba. Ranar ƙona fadama kuwa maza ke zuwa da lauje tun da safe su share kewayen kwarin tas, sannan su tsaya da ɗanyen ganye suna dukan wutar in ta matso. Ke kuma ki dama musu fura a babbar ƙwarya. Ba wanda ya taɓa cewa a biya shi.

Kin tuna safiyar da kika danne mini kai cikin shinkafa, kika ce in yi shiru? Gaurakin ne ke rawa. Su buɗe fiffike, su yi tsalle, su durƙusa wa juna, tukkun nan nasu mai ruwan zinariya yana rawa shi ma. Na ƙyalƙyale da dariya, kika toshe mini baki da hannunki mai ƙanshin daddawa, ke ma kafaɗarki na girgiza. Kika raɗa mini: "Dibi ango da amarya, ba su gajiya da biki." Ban taɓa ganin kin yi dariya irin ta ranar ba.

To, Inna, fadamar da kika bari ba ita ba ce yanzu. Ruwan sama ya ja baya, kuma tun da aka datse gulbi can sama, ambaliyar da ke shayar da shinkafa ba ta zuwa yadda ta saba. Shinkafar bana ta ƙone a tsaye. Kowa ya koma albasa da injin ban ruwa, kowa kuma idonsa na kan duk inda ke da sauran laima. Kwarinki ne ya rage.

Yaya Umaru yana son wurin don dashen albasa, shi ne kuma zai sa wutar. Wallahi ba na zaginsa, kuma kada ki yi fushi da shi. Gidansa cike da yara, rumbu ba komai. Da idona na ga matarsa tana tankaɗe dusa za ta yi musu kunu. Da aka zo rabon gado na ce ni a ba ni kwarin, ya ɗauki tudun duka. Kawunanmu suka yi ta dariya, wai malama ta yi boko ta zaɓi ciyawa. Aka ba ni. Na dawo gida ina murna, na zaci na gama. Ashe ban yi komai ba. Wuta ba ta tambayar gonar wa ce, kuma masu lauje da ɗanyen ganye duk sun bi ki, waɗanda suka rage ba sa iya tashi daga tabarma.

Namijin gaurakin ma ya mutu, Inna. Ban so in gaya miki ba. Yanzu in tsuntsun jan baki mai cin hatsi ya dami mutane, sai su jiƙa shinkafa da maganin ƙwari su watsa a bakin ruwa. Maganin kuwa bai san jan baki ba. Na je na iske balbela da kurciya da agwagin ruwa zube a ƙasa, shi kuma can gefe, wuyansa a lanƙwashe, tukkunsa cikin taɓo. Na haƙa rami na rufe shi. Matar tana nan, da safe takan miƙe wuya ta yi ta kira, ta saurara, ta sake kira. Kukan nan yana bina har cikin aji, ina rubutu a allo ina jin sa.

Na yi abin da kika koya mini. Na shiga na yi ta ƙulli har ciyawa ta tsattsage mini hannu. Da na dawo bayan kwana biyu sai na iske an yanke ƙullin duka, an ɗaure dami-dami za a kai wa masu kiwo. Na sami mai yankan, magidanci ne da furfura a gemu, ɗan garinmu. Ba mugunta ya yi ba. Ya ce shi ya zaci yara ne suka yi wasa. Nan ne na zauna a ƙasa na yi kuka. Da ya sani ya taka, da na sami abokin faɗa. Bai ma sani ba, Inna.

Na je wani ofis a nan Birnin Kebbi inda aka ce ana kula da daji da namun cikinsa. Mutumin ya saurare ni da mutunci, har kujera ya ba ni. Ya ce sai an rubuta wa ofishin shiyya a Sakkwato an ji daga sama. Haba! Wutar gobe za ta jira Sakkwato?

Yaya Umaru ya aiko mini da abin da yake gani sulhu ne. Wai a kama 'ya'yan gaurakin tun yau, akwai mai saye yana kai wa masu hali su ajiye a gida don ado. Na ga ɗaya irinsu a wani gida a nan unguwarmu. An yanke masa fiffike, yana yawo tsakanin motoci, yana tsintar ragowar tuwo. Na daɗe ina leƙensa ta ƙofa, ko sau ɗaya bai yi tsalle ba. Na ce a gaya wa Yaya ban yarda ba.

Na ɗauki lauje ni kaɗai na fara share kewayen. Hannun da ya saba da alli ne, Inna, ko rabi ban kai ba, ga kanta duk ta fashe mini a tafin hannu. Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A ɗaga wutar zuwa ganin sabon wata, fiffiken 'ya'yan ya yi ƙwari, su tashi. An ce mini dashen albasa ba ya jira.

Don haka ga abin da zan yi. Zanenki na saƙi yana hannuna, shi na ɗauka cikin kayanki, ban ma wanke shi ba. Gobe zan ɗaura shi in bi motar farko zuwa Argungu. Zan sake ƙulla ciyawar, in shiga tsakiya in zauna. Maigidana ya yi lallashi ya gaji, ya ce zai same ni a can.

Kada ki zaci jarumta ce. Ina jin tsoro, Innata. Burugu in ya bushe ba ya ba mutum lokacin gudu. Da kina nan da tari kawai za ki yi a bakin kwarin, kowa ya mayar da ashanarsa aljihu. Ni ba ni da muryarki, zanen kawai gare ni. Amma Yaya Umaru ya san shi, da shi kika goya shi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya shayar da ke ruwan Alkausara kamar yadda kika bar wa marasa baki nasu ruwan. Allah Ya cika rumbun Yaya Umaru ta inda bai zata ba. Allah Ya ba tsuntsayen nan fiffike. Ya Allah, gobe Ka sa ɗan uwana ya ɗaga kai ya duba kafin ya ƙyasta.

Wassalam.

Ɗiyarki mai kewarki,
Kulu