Tsawar da Na Ji Sau Biyu

Zuwa ga ƙanena, autan Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya a duk inda wannan saƙo ya same ka. Ka lura na ce a duk inda. Da can Kanada nake rubutawa kai tsaye, yau hannuna ya ƙi.

Na san za ka ji haushi da na kawo maganar gida shafin da jama'a ke karantawa. Ka yi haƙuri. Waya ba ka ɗauka sai ka ga dama, saƙo ya kwana ya wuni ba ka buɗe ba, amma duk abin da na saka a nan ina ganin ka leƙa. Ban ambaci sunanka ba, kuma ba zan ambata ba.

Ranar Alhamis za a yi wa Umma aikin zuciya. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce a shekarunta abin na iya zuwa ta kowace fuska. Tana son ganinka kafin a shiga da ita. Kai kuma ka ce takardu ba za su bar ka ka fita daga Kanada ba. Wannan maganar nake so mu duba, ni da kai.

Ka tuna bara, lokacin da ka shigo gidanmu na unguwar Nuzla a nan Jidda kana haki, ka ce ka samu wakili? Ka zaunar da Umma ka yi mata bayani: mutum ne a Kanada, aikinsa ya ɗauki littafin marubuci ya nema masa kamfanin da zai buga, kamar dillali. Ka ce ya karanta naka ya rasa inda zai sa kansa, har ya ce ka taho, shi zai yi maka komai. Ka ajiye aikinka na shagon buga takardu, ka yi sallama da kafili, ubangidan da takardun zamanka ke hannunsa. Umma ta dafa shinkafa tukunya guda, matan layinmu suka cika gida suna guɗa, wai ɗan Nuzla zai zama marubucin Turawa. Ranar tafiya ka hana kowa raka ka filin jirgi, ka ce ba ka son kuka. A lokacin na ɗauka taushin zuciya ne.

Kai da kanka ka saka ni a zauren nan na intanet na marubutan Kanada tun kafin ka tafi. Ka ce tunda ni ma ina ɗan taɓa rubutu, kuma ina jin Turanci saboda aikina na makaranta a unguwar Safa, in zauna in koyi yadda ake neman wakili. Ina jin ka manta ina ciki. To ina nan, ban taɓa cewa uffan ba, amma babu abin da ke wuce ni.

Auta, mutanen nan ba su da zance sai yanayi. Wallahi da farko na ɗauka wata magana ce suke ɓoyewa a ciki. Wata tsohuwa mai rubuta labaran 'yan sanda a bakin tekun yamma za ta ce ruwa ya ishe ta, ta manta kamannin rana. Wani daga gabas ya ce ta gode wa Allah, shi iska ta kwashe masa shinge. Sai sun gama wannan kaf, sannan wani ya ce af, wakilin da na aika wa littafi tun bazara ya amsa, ya ce bai dace da shi ba. A yi masa jaje, a koma maganar sanyi.

A nan na fara jin wani iri. Mutanen nan a ƙasar aka haife su, harshen nasu ne, wasu sun yi furfura suna rubutu, amma suna aika wa wakilai suna jira wata da watanni, yawanci ma ko amsa babu. Duk zamana ban ji wanda ya ce wakili ya kira shi daga wata ƙasa ya ce taho zan yi maka biza ba. Wata rana wata yarinya ta kawo irin wannan labarin tana murna, suka taru a kanta suka ce ta gudu, mayaudari ne. Na karanta ina zaune a ɗakin malamai, shayina ya huce ban sha ba.

Na ce wa kaina, Halima, kin cika zargi, ƙila shi Allah ya ba shi sa'a. Na bar maganar.

Amma akwai wani dattijo a zauren, malamin makaranta da ya yi ritaya, a Winnipeg yake, garin da ka ce kana zaune. Bawan Allah nan ba ya gajiya da mita. Lokacin sanyi ya ce bayansa ya riƙe saboda kwashe dusar ƙanƙara da shebur. Ya ce gishirin da ake zubawa a titi ya cinye masa takalmi. Da ta fara narkewa ya ce gari ya zama caɓi, baƙi ƙirin. Da zafi ya zo ya koma kan sauro, daga baya kuma hayaƙin gobarar daji, wai ko taga ba ya iya buɗewa.

Kai fa? Duk saƙon murya da ka aiko wa Umma, dusar ƙanƙara fara ce tas, tana sauka a hankali, gari tsit gwanin sha'awa. Lokacin da dattijon ke tari saboda hayaƙi, kai cewa ka yi iska mai daɗi ake yi. Kai da na sani? Kai da tun kana yaro ba ka wuni ba ka zagi ruɗuba ba, wannan danshin tekun da ke manna wa mutum riga a baya? Kai da in mukayyif mai sanyaya ɗaki ya tsaya sai duk layi sun ji bakinka? Wanda ke zaune a wuri yana ƙorafi da wurin, haka na ga mutane suna yi a Jidda, haka na ga suna yi a Kanada. Kai kaɗai ne ka shekara a gari ba abin da ya dame ka.

Sannan dattijon ya sha gayyatarka. Da ya ji sabon marubuci ya zo garinsu, ya ce ka zo ku sha gahawa, ya ce akwai taron karatu a laburare, har ya ce yana da tsohuwar rigar sanyi in kana so. Yau ka ce mura, gobe ka ce wakilinka ya tsare ka da gyara. Daga baya ka yi ɗif a zauren. Hotunan da kake turo mana kuwa, titi ne da bishiya da motoci, ban taɓa ganin ko yatsanka a ciki ba.

Duk wannan na haɗiye. Ban gaya wa Umma ba, ban gaya wa mijina ba. Zargi ba hujja ba ne, kuma ina tsoron in ɗauki alhakinka.

Sai ranar Talatar da ta wuce. Ka san ruwan Jidda, ya yi wata da watanni bai zo ba, in ya zo kuma ya zo da faɗa. Bayan la'asar gari ya yi baƙi. Ina gidan Umma, na tattare tabarmi daga tsakar gida na shiga ɗakinta, ko ɗigon kirki bai fara ba sai ga wayarka. Kai da sai an yi ta nema. Ko sallama ba ka gama ba ka ce in ɗauke Umma daga ɗakin ƙasa, in toshe bakin ƙofa da buhu, wai hadarin nan ba na wasa ba ne. Na buɗe baki zan tambaye ka wa ya gaya maka, sai aka yi tsawa.

Ta shigo ta taga, gilashi ya girgiza. Kafin in gama cewa subhanallah, ta sake fitowa daga cikin wayar da ke kunnena. Ita ce dai, da jan ƙararta da yadda ta mutu a ƙarshe. Sai ka ce layi ba kyau, ka kashe.

Da ruwa ya lafa na buɗe zauren. Dattijon ya rubuta cewa sama garau take a Winnipeg, sanyi ya hana motarsa tashi.

Ban san a ina kake ba. Ko unguwar Mahjar, ko wani ɗaki a bayan wata ma'ajiyar kaya, ban sani ba. Na dai san hadarin da ya rufe mu shi ya rufe ka. Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Na yi fushin da ban iya cin abinci ba. Shekara guda ina kai Umma asibiti ni kaɗai, ina riƙe ta a matakala, ina ce wa likitoci ɗanta namiji yana ƙasar waje. Da fushin ya sauka sai tausayi ya kama ni, na zauna ina tunanin me kake ci, wa ke duba ka in ba ka da lafiya, yaya ka yi azumi da salla kai kaɗai alhali gida na nan kusa.

In mutumin nan ya yaudare ka ne, ba kai ne na farko ba, na ga masu digiri a zauren da aka yi wa haka. In iƙama ce, takardar zaman ƙasa, ta mutu, halas, shi ke nan, a Nuzla aka haife mu, wane gida ne bai taɓa ganin wannan ba? Za mu zauna mu san yadda za a yi. In kuwa matan da suka yi guɗa kake jin kunya, ka bar ni da su, ka san bakina. Littafinka kuma na karanta shi tun yana warwatse a kan gadonka, mai kyau ne, kuma yana nan da kyansa ko da wakili ko babu.

Saura abu ɗaya, shi ya sa na rubuto. Na ɗauka ni kaɗai na ji. Umma tana kwance a gefena lokacin da ka kira, idonta a rufe, na zaci barci take. Sai da na kawo mata magani bayan magariba ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ce masa kada ya taho yau, hanya ta cika da ruwa. Ya bari ya janye."

Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye ta tun yaushe ta sani ba.

Ruwa ya janye, Auta. Tun jiya motoci ke wucewa. Ranar Laraba da yamma za a kwantar da ita, kafin nan tana gida. Ba sai ka zo da bayani ba, ba wanda zai tambaye ka. Ka shigo kawai ka zauna inda za ta gan ka.

Allah ya tsare min kai a inda kake, ya rufa maka asiri, ya sassauta maka abin da ya yi maka nauyi. Allah ya tashi kafaɗun Umma, ya sa a yi aikin nan a sa'a. Allah ya sa kada ka makara. Amin.

Taka har kullum,
Yayarka Halima,
Nuzla, Jidda.