Sunan da Inna Kulu Ba Ta Faɗi

Gesse, Birnin Kebbi
4 ga Maris, 2024

Zuwa ga Yaya Albashir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sumayya da yara.

Jikin Kaka Dankure da sauƙi, sai dai har yanzu bakin bai buɗe ba tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Ka san shekara hamsin mutanen Gulma na yi masa dariya, wai bai je yaƙin basasa ba, kamun kifi ya gudu Yawuri. Takardunsa kuma ambaliya ta tafi da su. Wallahi ba na son ya koma ga Allah da sunan maƙaryaci.

Sau uku ina zuwa ofishin tsofaffin sojoji. Sun aika an duba, babu wani Dankure. Jami'in ya ce in kawo sunan yanka. Ashe Dankure laƙabi ne! Sunan kakansa aka sa masa, aka ɓoye tun yana goye. Ko Baba bai san shi ba, tsaran Kaka kuma sun ƙare. Saura matarsa Inna Kulu, wadda ta ji shi sau ɗaya a bakin maroƙi ranar aurensu. Da na tambaye ta sai ta ja mayafi ta rufe fuska, wai ba ni da kunya, yaushe ta taɓa kiran sunan mijinta? Zan koma mata Juma'a.

Ƙanwarka,
Rumaisa

Gulma, Argungu
19 ga Mayu, 2024

Yaya Albashir,

Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Albishirinka!

Tsohuwar nan ta wahalar da ni. Na yi lallashi, na yi fushi, har kuka na yi. Daga baya ta shiga ɗakin Kaka, ta juya masa baya, ta ce Abdussamadu, ta fita da gudu kamar amarya. Kaka ya yi dariya har da hawaye.

Na kai sunan ofishin, jiya kwafin takardarsa ya iso. Abdussamadu Gulma, sojan ƙasa, ya shiga a 1967 yana ɗan shekara goma sha takwas. Tsagar Kabawa a kumatu. An harbe shi a cinya kusa da Inugu, ya warke ya koma fagen daga. An sallame shi a 1970 da muƙamin igiya ɗaya da shaidar hali nagari.

Bayan la'asar muka fito da shi ƙofar gida, liman ya karanta takardar a gaban jama'a. Malam Riskuwa, wanda ya fi kowa tsokanarsa, ya kasa ɗaga kai. Can ya taso ya durƙusa, ya nemi gafara. Kaka ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa masa hannun nan mai lafiya.

Ka zo da Sallah ka gani da idonka. Ka gaishe da kowa.

Taka har kullum,
Rumaisa