Takalman Ƙafar Dama

Zuwa ga Baffa Ma'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Balkissa da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Guangzhou lafiya lau, sai zafi da ruwan sama. Ciwon ƙafar Umma ya yi sauƙi, ƙanena Abdulhakeem kuma ya fara gaida masu shago da yarensu, har suna ba shi alewa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san karatun nawa bai yi nisa ba.

Abba ne ya ce in rubuto maka. Ya ɗauki waya zai kira ka, ya ajiye, ya ce bakinsa ba zai iya ba. Maganar takalman Alhaji Issa na Maraɗi ce, waɗanda aka sayo a kasuwar Zhanxi Lu. Ka san tun da 'yan daban tasharku ta jiragen ruwa suka fara buɗe kaya suna ɗiban rabonsu, Abba yake raba takalma, na hagu a kwantena ɗaya, na dama a wata, don ba mai satar ƙafa ɗaya. Na hagun sun iso wajenka tun kafin azumi, har yau ba su fito ba. Na daman suna nan a sito.

Jiya Alhaji ya zo gida. Ina kai musu shayi na ji yana cewa ƙungiyar ma'aikatan tashar ba ta yarda a sauke kwantena sai an ɗauki mutum goma sha biyar, alhali inji ne ke ɗagawa. Huɗu ke aiki, sauran suna inuwa suna dara, kuma kowa sai an sallame shi. A bakin ƙofa kuma 'yan daba su yanka nasu, su ce na tsaro ne. Ya ce raba takalman ma ya zama wahala, don kwantena biyu, sallama biyu. Abba ya ce kai ƙaninsa, kai ke fitar masa da kaya a can, da aikin kake ci da iyali. Alhaji ya ce ya sani, amma in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Abokansa na Yamai duk sun koma tashar ƙasar da ke maƙwabtaka da ku, in Abba ba zai bi ba, zai nemi wani mai tura masa kaya. Daga ƙarshe Abba ya ce to.

Saboda haka na daman za su bi sabuwar tashar, da duk kayan da za su biyo baya. Abba ya ce ba laifinka ba ne. Ka yi ƙoƙari ka fitar da na hagun ka tura Maraɗi, su ne na ƙarshe. In za ka iya tashi ka koma can, aikin naka ne, kodayake ya san tashi ba wasa ba ne ga mai iyali.

A kwalin da aka ɗaure da jan zare akwai takalmin salla da na zaɓa wa 'yarka Barira. Ban san har da shi za a raba ba. Salla ta wuce, amma ka cire mata na hagun ta ajiye. Na daman yana wurina, zan aiko da shi. Ka dai faɗa mini tashar da zan rubuta a jikin kwalin.

Ka gaida Inna Balkissa da Barira da su Suleiman. Umma tana gaisuwa, Abba ma.

Taka 'yar,
Maijidda