Naɗin Waya a Gwangwanin Tumatir

Zuwa ga Nafisat, 'yar ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan karatunki na lantarki a Zariya yana tafiya daidai. Na ba direban Zariya wannan takarda a Garun Mallam, don ni ba na bayanin aiki da surutu a waya.

Kin san na'urar da na ƙera, wadda ake kafawa a gona ta kunna jar fitila idan ƙasa ta bushe. Bara ruwa ya shige ta ta kafar caji a gonar Malam Iliyasu ta Bunkure, ta mutu shiru. Shi kuwa yana ta jiran fitila har furen tumatirinsa ya zube. Tun daga nan manoma suke ce mini Injiniya Ba-wuta.

Bana na toshe ta ruf da gam, ko kafar allura babu. Caji ta jikin robar da ta rufe ta zai tsallaka: naɗin wayar tagulla ɗaya a ciki, ɗaya a waje, a ɗora wannan kan wancan. 'Yar wutar da take ci ba ta kai ta tocila ba. Iliyasu ya ce sau ɗaya zai sake ba ni gonarsa, ranar dashe. In ta ƙi, babu mai ƙara saurarena daga nan har Kadawa.

Sai dai batirin ya ƙi cika, naɗin wajen kuma zafi yake har ba ya taɓuwa. Ba shawara nake nema ba. Kafasita, ɗan abin nan mai riƙe wuta a cikin rediyo, za ki sayo mini, na nan jabu ne.

Kawunki, Sammani mai gyaran rediyo, Kura.

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Ga kafasitan nan biyu iri ɗaya, ka sa wa kowane naɗi guda don su ji juna, kamar rediyo da tasharsa. Amma zafin nan ya tsaya mini a rai. Don Allah a jikin me ka naɗa wayar?

'Yarka, Nafisat.

Nafisat,

Ina amsawa. Saƙo ya iso, na sa, zafi yana nan. A jikin gwangwanin tumatir na naɗa, shi ne daidai faɗin na'urar, kuma yana riƙe waya gam. Tun kafin a haife ki nake naɗin waya da hannun nan. Jiya Iliyasu ya tsaya da babur a bakin shago, bai ko sauka ba, ya tambaya ko a zo da ƙwai a soya a kan injin nawa. Na ce masa ya shirya kunyoyinsa kawai. Irinsa ya kusa isa dashe.

Sammani.

Kawu, barka da aiki,

Naɗinka ba shi da laifi. Gwangwanin ne ɓarawon. Ƙarfe ne, kafin wutar ta tsallaka ya shanye ta ya mai da ita zafi. Wato kai kana ta ciyar da gwangwani, batiri yana kwana da yunwa. Ka zare shi, ka naɗa a jikin abin da ba ƙarfe ba. In na yi rashin kunya a yafe mini, amma ba zan so a kira kawuna da sunan nan a gabana ba. A gaida Ummata in ta leƙo.

Nafisat.

Nafisat,

Lafiya lau muke. Na yanko guntun bututun ban-ruwa na roba, na sake naɗi. Wannan dabarar bututun tawa ce, ki sani. Babu zafi, batiri ya cika.

An yi dashe, an saki ruwa, na'urar ta kwana a cikin taɓo. Da ƙasa ta sha iska fitila ta kama, ja wur. Iliyasu ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Injiniya, ta gonar albasa fa?" Bai ƙarasa sunan ba.

Gwangwanin yana nan na ajiye miki, ina zuba kusoshi a ciki. Yanzu so nake cajin ya tsallaka tazarar yatsa biyu. Ba shawara nake nema ba, amma yaushe ne hutunku?

Kawunki, Sammani.