Inna, Na Tambayi Likita Takardunsa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Shekara shida ke nan da muka raka ki makwancinki a Gulma. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Wannan ma daga littafina na kwafo ta, wanda nake rubuta abin da ya faru kowace rana, wanda kike yi wa dariya kina cewa, "Wanga yaro ko tari ya yi sai ya rubuta." Na sa ta inda wasu za su karanta, ko za ta yi wa wani amfani, amma da ke nake magana.

Dalilin rubuto miki shi ne surukarki Balkisu. Bayan damina ta fara cewa ƙafafunta suna mata nauyi. Muka ɗauka zaman keken ɗinki ne. Daga nan takalmi ya riƙa fita daga ƙafarta ba ta sani ba. Ranar da ta faɗi a tsakar gida da tulun ruwa, muka tafi asibiti. Aka sa ta cikin na'urar ɗaukar hoto, aka ce akwai ƙari a ƙashin bayanta yana danne laka. Likitan da ya duba hoton ya ce aikin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ne, kuma kada mu yi jinkiri, domin in ƙarin ya ci gaba da dannewa, za ta daina tafiya gaba ɗaya.

Na rubuta maganarsa a littafi, na ja layi biyu a ƙarƙashin "kada mu yi jinkiri". Sai kuma na yi jinkirin kwana tara. Wannan ne nake son in gaya miki.

Kin san Baffa Garba, yayan Baba, da son a gama abu yanzu-yanzu. Ya tsufa, amma halin na nan. Da ya ji labari ya taso daga Gulma har gidana a unguwar Nassarawa, cikin Birnin Kebbi, ya ce an gama magana. Akwai wani babban likita da ke zuwa wani asibitin kuɗi ƙarshen mako, surukin abokinsa ne, ya riga ya yi masa magana, ranar Asabar za a yi aiki. Na durƙusa na yi godiya. Har na fara haɗa wa Balkisu kaya.

Ina naɗe zanenta ne idona ya faɗa kan hannuna na dama.

Ina da shekara tara na faɗo daga kan jaki a hanyar fadama, hannun ya karye. Baffa Garban nan ne ya kawo mai ɗori, har an shimfiɗa tabarma a zaure. Ni ne ɗanki na fari. Ba ki taɓa kiran sunana ba, kuma a al'ada ko kallon wurin bai kamata ki yi ba, sai dai ki shige ɗaki ki bar wa dangin uba. Amma kika yafa mayafi kika fito har bakin zaure, kika ce, "Ba a taɓa hannun wanga yaro sai na ga hannun da mutumen ya ɗora."

Kika ɗaure min hannun da kara da tsumma, kika bi gida-gida kina tambayar waɗanda mai ɗorin ya yi wa aiki. Mutum biyu kika samu. Ɗaya ya ɗaga miki hannunsa, kika ga ya karkace kamar lauje. Washegari kika sa ni a motar kasuwa zuwa Argungu, wurin wani tsoho mai ɗori. Shi ma ba ki miƙa ni ba sai da kika sa wani masunci da ya taɓa yi wa ɗori ya ɗaga tulu cike da ruwa a gabanki. Da aka ce miki Baffa ya yi fushi, abin da kika ce shi ne, "In ya ji haushi ya ji, hannun dai ba nashi na ba."

Ban gaji zuciyarki ba, Inna. Ni mutum ne da in an ba ni canjin da bai cika ba sai in yi shiru in tafi. Amma ranar na ajiye kayan, na buɗe sabon shafi, na rubuta tambayoyin da zan yi.

Na fara da ofishin inshorar lafiya, tunda ana cire mana a albashi kuma sunan Balkisu na kan katina. A nan na gano kuskurena. Tun ina aiki a Argungu na yi rajista da asibitin can, aka dawo da ni Birnin Kebbi ban canza ba, shekara da shekaru. Wata ma'aikaciya mai haƙuri ta bayyana min cewa sai asibitin da na yi rajista ya ba da takardar turawa, sannan su amince, kuma ba duk aikin suke ɗauka ba. Na ambaci asibitin da Baffa ya zaɓa. Ta duba ta ce ba ya cikin waɗanda aka tantance don irin wannan aiki. Ta ƙara da cewa, "Malam, duk likita likita ne, amma ba kowa aka horar ya taɓa laka ba. Ka tambaya." Kwana biyu na yi tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kafin takardar ta fito.

Ranar Asabar na je wurin likitan Baffa ni kaɗai. Ya karɓe ni da fara'a. Na tambaye shi ko yana da takardar ƙwarewa a tiyatar laka, da kuma wane babban asibiti yake aiki. Fara'ar ta ɗauke. Ya ambaci sunan wani asibiti, sannan ya ce, "Kai da takardar sakandare za ka binciki tawa?" Na ba shi haƙuri har sau uku. Da zan fita na tambayi wata nas inda ake kwantar da mutum in numfashinsa ya rikice bayan aiki. Ta ce sai dai a sa shi a mota a kai shi wani wuri.

Ba na cewa mugun mutum ne. Wani abokin aikina ya taya ni dubawa, sunansa na cikin rajistar likitoci. Amma da na je asibitin da ya ambata, babu sunansa a allon sashen tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma mai kula da fayil ya ce a wani sashe daban ya san shi.

Baffa ya aiko min da saƙo cewa na zubar masa da mutunci. A kwanakin nan Balkisu ta daina iya zuwa bayan gida sai an riƙe ta. Kullum in na dawo da littafina sai ta dube ni ta ce, "To Malam Bincike, yau me aka gano?" Tana dariya take faɗa, amma ina ganin yadda take matsa ƙafarta ta hagu da hannu don ta ji ko tana nan. Na rubuta a shafin ranar: wataƙila ni ne zan gurgunta ta da tambayoyina.

Takardar turawa ta kai mu wani babban asibitin koyarwa a Sakkwato. Ranar ganin likita na bar Balkisu kan keken marasa lafiya, na zauna a bencin jira, na yi abin da kika yi. Na bi mutanen da suka dawo a duba su bayan aiki, ina gaishe su ina tambaya. Wani manomin albasa ya juya ya ɗaga rigarsa ya nuna min tabon ɗinki a bayansa, ya tashi ya taka har bakin ƙofa ya dawo, yana cewa, "Da a kan tabarma aka kawo ni." Wata mata kuma ta ce mijinta bai tashi ba, amma likitan ya gaya musu tun farko cewa hakan na iya faruwa. Maganarta ta fi kwantar min da hankali, ban san dalili ba.

Da muka shiga, likitan bai kai ni shekaru ba sosai. Na yi masa tambayoyin nan ina kallon ƙasa, ina jiran tsawa. Sai ya miƙo hannu ya karɓi littafina. Da alƙalaminsa ya rubuta lambar rajistarsa, da inda ya yi horon ƙwarewa, da sunan likitan da zai sa ta barci, ya ce, "Je ka duba, kada ka yarda da ni don na sa farar riga." Ya faɗa mana abin da zai iya da abin da ba zai iya alkawari ba. Ya sa aka nuna min ɗakin kulawa ta musamman ta cikin gilashi. Inna, da kina wurin, na san da kin gyara mayafi kin ce wanga ya yi.

Na duba ɗin kuwa. Komai ya yi daidai da abin da ya rubuta.

An yi aikin. An cire ƙarin, kuma gwaji ya nuna ba mai dawowa ba ne. Ƙafar dama ta dawo sarai. Ta hagu har yanzu tana ja, yatsun ba su ji sosai. Na tambayi likitan ko kwana taran nan ne suka jawo. Ya ce ba zai iya rantsewa da e ko a'a ba. Na so ya ce a'a. Ban samu ba, kuma na rubuta amsar yadda ya faɗe ta.

Shi ya sa nake ta tunaninki. A da ina ɗauka ba ki ji tsoro ba ranar nan. Yanzu na san kin ji. Kin kwana da yaro mai karyayyen hannu yana kuka, dangin miji na zarginki, ba ki da tabbacin tsohon Argungu zai fi, kuma ba ki iya karatu ba balle ki duba wata rajista. Ƙafafunki kawai gare ki da idonki, da su kika yi binciken. Ni da littafi da waya da abokan aiki, da kyar na iya rabin abin da kika yi. Ban taɓa gode miki ba. Kunyar da ta hana ki kiran sunana, ita ta hana ni.

Baffa ya zo duba Balkisu makon jiya, da buhun shinkafa a bayan kabu-kabu. Bai ambaci maganar ba sai da zai tafi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Hajo dai ba ta mutu ba." Ban gane ko yabo ne ko ƙorafi ba, na dai ce amin.

Masu gashin ƙashi na asibiti sun ce kowace safiya ta taka daga ɗaki zuwa bakin zaure. An ba ta sanda, amma ta ce sandar na zamewa a siminti. Don haka hannuna take dafawa, na dama, daidai wurin ɗorin. Tana sakin nauyinta duka a kai, kuma bai taɓa yi min ciwo ba. Jiya mun kai zaure mun dawo sau biyu.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya saka miki da gidan Aljanna saboda tafiyar da kika yi gida-gida a kaina. Ya ƙarasa wa Balkisu lafiyar ƙafarta, Ya yi wa likitan nan albarka a hannunsa, Ya yafe min in jinkirina ya cutar da ita. Amin.

Ni ne ɗanki na fari, wanda ba ki kiran sunansa,
Wanga yaro.